Ranar da Aka Bugi Bakin Yu-chan

Duk wanda ka tambaya a ƙauyen nan na Songju zai ce maka Tham, matar Man-sik mai gonar kankana, mace ce marar magana. Ƙarya ce tsagwaronta. A garinsu, can kudancin Biyetnam, ita ke zama a goshin kwalekwalen uwarta tana tallar abarba a kasuwar kan ruwa, har ana kiranta Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Da ta zo nan ne aka rufe mata shi.

Ita ta zaɓi auren da kanta, ba wanda ya tilasta ta. Man-sik kuma ba mugu ba ne, sai dai irin mazan nan ne da ko tari uwarsu ta yi sai su ce gaskiya ne. Uwar tasa, tsohuwa Mal-sun, ita ke da gida. Ranar da aka dawo da jariri Yu-chan daga asibiti ta jiyo Tham tana rera masa waƙa da yarensu, sai ta leƙo ɗakin.

"Maman Yu-chan, wannan kukan agwagwar fa? A gidan nan Koriyanci ake yi. So kike ya shiga makaranta yara su riƙa nuna shi da yatsa?"

Tham ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Omonim," yadda matar ɗa ke amsa wa uwar miji.

To, wane Koriyancin? Wanda ta koya a rumfunan leda inda suke noman 'yan kankana masu ruwan ɗorawa: tsinko, ɗauko, jera, yi sauri. Don Allah da waɗannan ake lallashin yaro? Sai ta koma tana yi masa wanka shiru, tana ba shi nono shiru. Gari na wayewa ta wuce rumfa, ta bar shi gaban talabijin tare da kakarsa. Tsohuwar tana son jikanta, ba a hana ta wannan ba, amma kafin ya ɗaga hannu ta riga ta cusa masa abin da yake so a baki. Yu-chan ya cika shekara uku bai taɓa furta kalma ba.

Kuma ka san wa aka ɗora wa laifin? "Mu dai a danginmu ba a taɓa yin bebe ba," in ji Mal-sun, a gaban maƙwabta, tana kallon gefen da Tham take.

Tham ta ɗauki ɗanta ta kai shi cibiyar iyali ta gunduma, wurin Malama Pyo mai duba yaran da magana ta yi wa nauyi. Matar ta zauna a ƙasa ta yi ta tura masa mota yana turo mata, sannan ta juyo.

"Kunnensa lafiya lau. Wa ke wasa da shi a gida?"

Malamar ta ƙara jefo wata tambayar.

"Da wane harshe kike yi masa hira?"

"Koriyancina ba kyau, Malama."

"Ba shi na tambaya ba. Da wane harshe kike tsokanar ƙannenki in kun yi waya? To da shi za ki yi. Ki zauna ƙasa daidai tsayinsa, ki bi abin da yake so. In kin zo wurin da ya fi yi masa daɗi, ki tsaya cak ki jira shi. Kar ki ce masa faɗi kaza. Wasa kawai."

A motar komowa takaici ya cika ta. Shekara uku bakinta cike da magana, ɗanta na zaune a cinyarta da yunwarta, an ce ta haɗiye, ita kuma ta haɗiye! Da ta gaya wa Man-sik, ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi mana, amma kar Mama ta ji." Ji wannan magana. Uwa za ta yi wasa da ɗan da ta haifa sai a ɓoye kamar ɓarauniya.

Haka ta yi. Ta ce yaron na bukatar iska, ta fara tafiya da shi rumfa. Da tsakar rana in ma'aikata sun tafi cin abinci, sai ta kifa akwatin kankana ta zaunar da shi. Akwai wasan da uwarta ke yi mata: ta buɗe tafin hannu, yaro ya ɗora yatsa a tsakiya, ta yi ta rera waƙa, a ƙarshe ta damƙe yatsan farat ɗaya. Ranar farko kallonta kawai ya yi, don bai taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba. Daga baya ya fara ƙyalƙyala dariya. Sai ta riƙa tsayawa dab da damƙewar, ta zuba masa ido. Ya ja hannunta, ta ƙi. Ya ce "A! A!" sannan ta cafke. Suka mirgina wa juna kankana tana cewa babba, ƙarama, ta gudu, ta dawo. Tana dafa ƙirjinsa ta faɗi sunansa, ta dafa nata ta faɗi nata. Bakinsa na motsi yana bin nata, amma kalma ba ta fito ba har kakar kankana ta wuce.

Bikin kaka ya zo, dangi suka cika gida daga birnin Degu. Mata sun yini a tsaye suna suya. Bayan an gama rusunawa ga magabatan da suka rasu, maza suka zauna a ƙasa kewaye da teburin cin abinci. Tham ta fito daga madafa da tire cike da kwanukan miya, tsohuwa na tsugune a gabanta tana jera kifi. Sai ga Yu-chan da gudu, yatsa a sama, wasa yake so. Tham ta girgiza masa kai a hankali. Ya buga ƙafa. Ta sake girgizawa. Yaron ya cika ƙirji ya ƙwala:

"Ma!"

A yankinmu kowa ya san "ma". Ita ake daka wa yaron da aka kama yana satar 'ya'yan itace, ita mashayi ke jefa wa ɗan'uwansa kafin a ba hammata iska. Yaro ba ya faɗa wa babba. Ga shi kuma fuskarsa na saitin kakarsa.

Man-ho, yayan Man-sik, ya fashe da dariya. "Tirƙashi! Wannan ɗan gidanmu ne na gaske, da rashin kunya ya buɗe baki!"

Kafin a ankara Mal-sun ta kai masa yatsu biyu a leɓe, tas. "Wa kake ce wa ma? Ni? Wa ya koya maka?"

Yu-chan bai yi kuka ba. Hannu biyu ya sa ya rufe bakinsa.

Tham ta dangwarar da tiren har miya ta fallatsa wa baƙi a wando.

"Ni ya kira!"

"Maman Yu-chan, hankalinki ɗaya kuwa?"

"Ni ya kira, Omonim! Ma, a garinmu uwa ke nan. Uwa! Ni!" Koriyancinta na karyewa, amma ba wanda bai fahimta ba. "Kin ce in yi shiru, na yi. Kin ce bebe na haifa, na yi shiru. Yau ya kira ni, karon farko, kika bugi bakin!"

Man-sik ya miƙe yana cewa, "Ki yi haƙuri, akwai baƙi..."

"Zauna!" Tham ta daka masa tsawa.

Ya zauna kuwa.

Ta durƙusa nan tsakiyar falo, cikin miyar da ta zube, ta buɗe tafin hannunta. Da ƙyar yaron ya sauke hannu ɗaya ya ɗora yatsa, ɗayan na kan bakinsa. Ta fara waƙar da yarensu, da babbar muryarta ta kasuwa, har karen maƙwabta ya amsa. Da ta zo dab da ƙarshe ta tsaya.

Shinkafa na hucewa, ba wanda ya taɓa cokali. Mal-sun ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga idon Tham, ta fasa. Tham ta ci gaba da jira, hawaye na ɗiga a hannunta, ta ƙi damƙewa.

Yu-chan ya dubi uwarsa, ya juya ya dubi yatsun kakarsa. Ya matsa har ya manne da ƙirjin Tham, inda hannun tsohuwar ba zai kai ba. Sannan ya sake faɗin kalmar, ƙasa-ƙasa, ta tsakanin yatsunsa, yana runtse ido yana jiran duka.