Zaren da Na Murza wa Babana

Jiya jikana ya zauna bakin ƙofata da waya a hannu, sai na ji kiɗan kalangu na fitowa daga cikinta. Dambe yake kallo. Na ce ya kashe abin nan ko ya tashi ya ba ni wuri. Ya yi dariya, wai tsohuwa ba ta san maza ba. Ni ce ban san maza ba? To zauna in gaya maka abin da ban gaya masa ba.

Gidanmu gidan mahauta ne, a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa, tun Nasara na mulki. Babana fawa yake yi, amma da kaka, in an gama ɗaure dammunan gero, makaɗa kan zo su tafi da shi dambe gari gari. Ya dawo da riguna da goro, wata shekara har da ɗan maraƙi. Hannunsa na dama shi ne abincinmu. Da shi yake fiɗa, da shi yake kai maza ƙasa.

Ni nake murza masa zaren ɗaure hannu, don idon kakata ya yi rauni. Auduga ake kaɗawa, a haɗa zare a murza a cinya har ya zama igiya mai tauri, a naɗe dunƙulen hannu da ita bisa tsumma. Cinyata takan yi ja wur. Ina ta alfahari da aikin nan, Allah ya yafe mini.

A kakar da nake ba ka labari, wani bijimi da Fulani suka kawo ya matse hannun babana da ƙaho a jikin turke, ƙashi ya karye. Maɗori ya jera karare ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ko ludayi kada ya ɗaga. Ɗakinsa duk ya ɗauki warin man shanu da magani.

Kwana goma sha biyu da ɗori, sai ga wani baƙon ɗan dambe daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, ya biyo fatake ta garin Burkusuma. Ranar kasuwa ya zo har rumfar babana ya durƙusa ya miƙa masa dunƙulallen hannu gaban jama'a. A wurinmu wannan kira ne zuwa fage. Sarkin fawa da kansa ya ce wa baƙon mutumin nan ɗori gare shi, a bari sai baɗi. Baƙon ya duba kararen, ya ba da haƙuri, ya tashi. Babu wanda zai ce tsoro ne, wallahi babu. Babana kaɗai ya ga abin kunya.

Ya shigo gida yana kwance kararen da haƙori. Kakata ta tare ƙofa.

"Kai, mi kaka biɗa? Ɗiyanka shida, wa ka ci da su?"

"Inna, za ni fage. Ba ni bari a ce na ɓuya bayan karan ɗori."

Ya juyo gare ni ya ce in kawo zaren. Da na ce ɓera ya ci shi, da na jefa shi rijiya, wa zai kashe ni? Amma na ruga na ɗauko. Yatsun sun ƙi dunƙuluwa, sai ni na lanƙwasa su na riƙe, ƙanensa yana naɗawa yana ja. Ina jin ƙashin na motsi ƙarƙashin tafina. Gumi na ta ɗiga daga gemun babana.

Bayan la'asar aka yi. Turmin farko baƙon yana ta ja da baya, don ya san halin da ake ciki. A na biyu ya sauke hannu yana cewa ya isa haka. Nan babana ya kai masa naushi da karyayyen hannun nan, mutum ya zube. Fage ya kaure. Makaɗa suka zaga gari da shi har magariba, zaren na ɗaure, don wanda ya yi kisa, wato ya kayar da abokin karawarsa, ba ya kwancewa sai kiɗa ya tsaya. Kafin su kawo shi gida hannun ya kumbura, igiyata ta nutse cikin nama, sai da wuƙar fiɗa aka yanke ta. Maɗori ya duba, ya girgiza kai, ya saɓa jakarsa ya fita.

Yatsun ba su sake miƙewa ba. Ƙanensa ya karɓi rumfa, mu muka koma talla. Makaɗan nan sun yi masa kirari kaka ɗaya, baɗi suka bi wani saurayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tuwo. Ba ya iya sa hagu cikin akushi ɗaya da maza a zaure, sai ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya. Ni ke kai masa akushin, har na yi aure.

Sau ɗaya na tambaye shi, yana tsoho, ko ya yi nadama. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ɗiyata, gwiwata ta taɓa ƙasa?"

Yanzu an ce a birni ake yi, da fitilu da masu ɗaukar hoto, yara na kallo a waya suna yabon wanda ya ƙi faɗuwa. Ba a nuna musu wanda ke kai masa tuwo bayan an watse. Ni dai tun ranar nan ban sake murza zare ba, ko na ɗaurin tsintsiya.