Tambayar da Na Ba Ummaru

Ranar kasuwar Jega ce, bayan kaka, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, lokacin Turawa ba su daɗe da fara yawon rangadi a ƙasarmu ba. Mun baro ƙauyenmu Karaye da asuba, ni da Baba da ƙanena Ummaru, jaki ɗauke da dawa, ni kuma da ƙwaryar ƙuli-ƙulin Inna a kai. Tafiyar rabin yini ce cur, don haka sai da rana ta take muka shiga gari. Baba ya nufi wajen masu hatsi, Ummaru ya sulale ya bi wani mai wasa da biri, ni kuwa na samu gindin wata tukubar tsire na ajiye ƙwaryata. Ban daɗe da zama ba sai ga Nomau, wani mutumin ƙauyenmu mai yawan surutu, yana gardama da mahaucin a kan wai an ba shi kitse. Garin ja da baya yana nuna mahaucin da yatsa, ya yi fatali da ƙwaryata, ƙuli-ƙuli ya watse cikin ƙasa. Ko waiwaye bai yi ba. Mahaucin ne ya durƙusa ya taya ni tsincewa, ya ba ni yankan nama don in daina kuka, kuma daidai lokacin ladan ya kira azahar. Na ga Nomau ya goge hannu a riga ya shige masallacin bakin kasuwa.

Shekara ɗaya da rabi ne tsakanina da Ummaru, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu na zana ne, da ɗakuna uku da rumbu biyu da wata tsamiya a bayan danga. Aikin gida kusan duk a kaina yake: ɗiban ruwa a rijiya, surfe, tankaɗe, ɗaure awaki, sai kuma korar tsuntsaye a gona idan gero ya fara ido. Shi Ummaru nasa bai wuce kai jaki kiwo ba, shi ma rabi ni ke ƙarasa masa. Idan mun samu sarari, mu yaran unguwa mukan taru a gindin tsamiya. Maza su yi langa, mu mata mu yi carafke, amma wasan da ya fi haɗa mu shi ne na shari'a. A kife turmi a ɗora wani yaro ya zama alƙali, a kamo wani a ce ya saci kaza. Ni ce kullum mai tsaya wa ɓarawon, ba don tausayi ba, sai don ina jin daɗin in bi maganar mai ƙara a hankali har in gano inda ta yage. Ummaru yakan zauna kusa da ƙafata baki buɗe. Inna takan leƙo ta kan danga ta ce, "Kulu, bakin nan naki ya fi hannunki aiki." Ummaru yana da murya, wannan ba zan hana shi ba, mai daɗi da kauri tun yana ƙarami, kuma ba ya jin kunyar manya. Amma lura da abu, a lokacin nan, tawa ce.

Mun kwana a gidan Gwaggo a unguwar Firchin ta Jega, washegari muka koma Karaye muka tarar da gari a hargitse. Rumbun Arzika, wani babban manomi, ya ƙone ƙurmus da azahar ɗin jiya, hatsin shekara guda ya zama toka. An kuma kama Buba, Bafillatanin da ke sauka da shanunsa a gonarmu duk rani don su zuba mana taki. Na san Buba sosai, matarsa ce ke ba ni kindirmo a ƙoƙo idan na kai musu dusa. Kowa ya san sun yi cacar baki da Arzika da damina a kan shanu sun shiga dawa. Wanda ya ce ya gan shi da idonsa, riƙe da bakin wuta a bayan rumbu ana kiran azahar, shi ne Nomau, abokin Arzika. Dogarai suka tasa ƙeyar Buba zuwa Jega, aka ce idan abin ya tabbata za a kai shi kurkuku a Birnin Kabi, a kuma kwashe shanunsa a ba Arzika.

Ina surfe na ji wannan magana, sai na ajiye taɓarya na tafi wajen Baba na gaya masa abin da na gani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya jinjina kai, ya ce zai je zaman shari'ar, amma shi bai ga Nomau da idonsa ba, ba zai faɗi abin da bai gani ba. Na ce to ya tafi da ni in faɗa. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗiya mace ba ta tsayi gaban alƙali, Kulu." Na yi ta roƙo har ya yarda in bi su, amma in tsaya a gidan Gwaggo. A hanya, muna bayan jaki, na zauna wa Ummaru a kunne. Na ce kada ya ce Nomau ƙarya yake yi, don manya za su kore shi. Ya roƙi a tambaye shi inda ya yi sallar azahar ran kasuwa, ya bar shi ya amsa tukuna, sa'an nan ya ambaci mahaucin. Sau biyar na sa ya maimaita kafin mu hango Jega.

Ban zauna a gidan Gwaggo ba. Na zagaya bayan rumfar da alƙali ke zama, na liƙa ido a wani ramin zana. Buba na durƙushe, igiya a ƙugunsa, ya rame cikin kwana huɗu kamar wanda ya yi jinya. A gefe ga wani Bature mai rangadi a kan kujera, da tafintansa a tsaye. Nomau ya gama bayaninsa tsaf, alƙali ya tambaya ko akwai mai magana. Sai Ummaru ya miƙe daga bayan Baba, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a tambai Nomau inda yay yi sallar azahar ran kasuwa." Wani dogari ya ɗaga bulala, alƙali ya hana shi, ya juya ya yi tambayar. Nomau ya ce a Karaye mana. Ummaru ya ce to a kira mai tukubar tsire na bakin masallacin kasuwa. Da aka zo da mahaucin, ya dubi Nomau ya ce ai wannan ne mai rigimar kitse, wanda ya zubar wa wata yarinya ƙuli-ƙuli. Wata yarinya. Iyakar rabona ke nan a cikin shari'ar. Nomau ya fara in'ina, daga baya ya amsa cewa bai ga kowa ba, zato ne kawai suka yi da Arzika. Aka kwance Buba. Bayan 'yan kwanaki aka gano yara masu farautar gafiya ne suka sa wa ciyawa wuta ta kai ga rumbun.

Baturen ya sa tafinta ya kira Baba, ya ce yaro mai irin wannan kai bai kamata a bar shi bayan jaki ba. A lokacin mutane ɓoye 'ya'yansu suke yi kada a kai su boko, Baba ma sai da ya yi mako yana shawara da limamin ƙauye kafin ya yarda. Buba ya kawo wa Ummaru ɗan maraƙi kyauta. Mata suka riƙa shigowa gidanmu suna shafa kansa suna sa albarka, ni ina gefe ina daka furar da za a ba su. Ranar da za a tafi da shi Birnin Kabi, Inna ta sa ni na wanke masa riga na ƙulla masa ƙuli-ƙuli a tsumma. Na yi kuka ƙwarai a ƙofar gida, kowa ya ɗauka kukan rabuwa ne, har Gwaggo tana cewa ba ta taɓa ganin 'yan uwa masu ƙaunar juna haka ba. Ni kaɗai na san abin da ke cina. Da hutu ya dawo da allo na dutse da kalmomin da ban san su ba, yaran tsamiya suka kewaye shi, aka daina neman in tsaya wa ɓarawon kaza.

Daga Birnin Kabi ya wuce Sakkwato, ya yi aikin tafinta a kotu shekaru masu yawa, daga baya aka tura shi Ingila ya karanto shari'a. Ni kuwa na yi aure a Aliero, gidan manoman albasa, aure na son raina kuma na ji daɗinsa. Ummaru ya dawo da baƙar riga da farar hular gashi ta lauyoyi, ya ƙi aikin gwamnati, ya ce shi waɗanda ake tuhuma zai riƙa tsaya wa. Cikin 'yan shekaru sunansa ya cika ƙasa. Duk wanda aka kama da zargin kisa ko fashi ko ƙone gida, danginsa Lauya Ummaru suke nema. Ya fitar da wani direba da aka ce da gangan ya take mutum, ya ceto wasu makiyaya uku da igiya ta kusa hawa wuyansu, kuma talaka da yawa ya tsaya musu don Allah. Masu zaginsa suna cewa yana wanke miyagu. Shi kuwa yakan ce, "Ko wa aka kama, a bari a ji bakinshi." Mijina ya sayi rediyo, na riƙa jin sunan ƙanena yana fitowa daga ciki ina yankan albasa, idona na ruwa, ba mai iya cewa ga dalili.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yakan zo Aliero da motarsa kafin kowace babbar shari'a. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmata, ya sha fura, sa'an nan ya ce bari ya ba ni wani labari. Ya zayyana mini abin da shaidu suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, kamar hira. Ni kuma ba na iya yin shiru. In ce, wanda ya ce ya ji ihu daga gona, iska ta ina take kaɗawa a watan nan? Wadda ta ce tana rijiya, wa ta tarar a can? Ya yi murmushi ya rubuta a ɗan littafinsa. Ba zan ce ni na ci masa shari'unsa ba, ya san doka, ya san Turanci, ya san yadda ake tsayawa gaban manyan alƙalai. Amma nakan raka shi mota ina jin kamar na ba da aron zanena na fita unguwa, an tafi da shi biki an bar ni a gida.

Sau ɗaya na yi masa magana. An shirya masa walima a Jega, muna can ɓangaren mata muna jin lasifika, sai na ji yana ba da labarin Buba, yana cewa shi ya ga Nomau a bakin tukuba yana yaro. Da ya shigo gaishe mu na ja shi gefe na ce, "Ummaru, kai da kab bi mai biri, yaushe kag ga Nomau?" Ya ƙura mini ido har na ɗauka fushi ya yi. Can ya ce, "Wallahi Yaya, na faɗe shi har ina ganin mutumin da idona." Ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, ya ce zai gyara. Ya gyara ɗin a gaban 'ya'yansa da matarsa, amma taro ya riga ya watse. A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki, na koyi rubutun da nake yi yanzu.

Da ya rasu, kwana bakwai mutane na zuwa ta'aziyya daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Tsofaffi suka durƙusa gabana suna cewa ba don ƙanena ba da tuni an rataye su. Har jikokin Buba sun zo daga wajen Maiyama. Duk suka kira ni yayar Lauya, na amsa, na yi musu godiya, kuma na yi kuka na gaskiya a wannan karon.

Yanzu tafiyar da muke yi rabin yini babur na yin ta kafin a gama dafa tuwo. Da safe nakan zauna a zaure in ga 'yan mata sun wuce da jakar littattafai, suna gardama da ƙarfi ba mai ce musu su yi shiru, a cikinsu har da jikata da ke cewa lauya za ta zama. Ina yi mata addu'a, amma ba zan ɓoye ba, ita ma wani lokaci nakan ji ƙyashinta. Na tsufa ban rabu da wannan hali ba. Sai dai da za a ce in zaɓa, da na yarda ya sake tsayar da motarsa a ƙofar gidan nan, ya cire takalmi, ya kwashe duk abin da ke kaina ya tafi da shi. Tun da ya tafi, ba wanda ya ƙara tambayata me na gani.