Na Zaka

Shekarun da na koyar da Hausa a wata firamare a Batsari, ina ɗaukar kaina mai gadin harshe, ko da yake ba wanda ya ba ni aikin. Ɗaki ɗaya nake haya, daga ni sai littattafai sai rediyo. Ba ni da abokin hira, don haka gyaran maganar mutane ya zame mini hira.

Ana tsakiyar zango aka kawo wata yarinya aji biyar. Daga wani ƙauye take can bayan Ruma, wanda mutanensa suka watse bayan 'yan bindiga sun shiga. Ranar farko na kira sunanta a rajista, ta miƙe, da murya tar ta ce, "Na zaka, Malam."

Haka ake cewa "na zo" a wajensu. Na sani sarai, kakata ma haka take faɗa har ta rasu. Amma ga aji cike, ga barkwanci ya zo mini, ni kuwa ban saba barin barkwanci ya wuce ba.

Na ce, "Zakka dai gari ne a ƙasar Safana. Akwai kuma wadda ake fitarwa a ba mabuƙata. Wacce ce ke a ciki?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kafin a dawo daga hutun tara, sunan ya bi ta. "Ke Zakka, gidan wa aka kai ki yau?" "Zakka, buhu nawa aka auna kafin a fitar da ke?" Yaran sun san da hatsin maƙwabta gidan su yarinyar ke ɗora tukunya. Ni na manta, su ba su manta ba.

Ta daina amsa rajista, sai dai ta ɗaga hannu. Lokacin tara takan jingina da bangon aji ita kaɗai, tana tsinke zaren bakin hijabinta. Daga tagar ofis nake hango ta, ni ma ni kaɗai, da jan birona.

Na zane yara biyu. Sunan bai mutu ba, ya dai koma raɗa.

Wata safiya mahaifiyarta ta zo. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ɗiyata ta bar magana, har gida. Ko ran da munka gudo ba ta yi shiru hakanga ba. Mi anka yi mata?"

Na ce zan bincika. Mai laifin na tsaye gabanta da alli a aljihu.

Washegari na rubuta "zaka" a allo. Na gaya wa aji Hausa ce tsantsa, kakata ma ita take yi, kuma kuskuren nawa ne, ba nata ba. Na juya na ce, "Ki yafe mini, 'yata." Yaran ba su taɓa jin malami ya roƙi gafara ba.

Na buɗe rajista na kira sunanta. Na jira, ina fata.

Ba ta miƙe ba. Idonta na kan benci, da muryar da da ƙyar ta iso teburina, ta ce, "Na zo."

Daidai ne, ba abin gyarawa. Na sa mata alama, na kira suna na gaba.