Ranar da Muka Huda Gindin Rijiyarmu

Lambun da mahaifinmu ya bar mana, ni da yayana, yana cikin fadamar bayan Samaru, inda kogi ya daɗe yana jibge yashi da laka kafin ya sauya hanya. Wata gajeriyar rijiya ce ke shayar da shi. Ba ta taɓa ba mu kunya ba sai a wata bazara, daidai lokacin da tumatirinmu ya fara 'ya'ya. Iyalina da na Yaya duk tumatirin nan suke jira ya nuna a kai kasuwar Sabon Gari. Ba mu da wata madogara.

Ruwa ya ja baya. Da safe guga ya fito rabi, da yamma sai taɓo. Ganye ya fara yaushi, hankalina ya tashi.

Mu a saninmu, rijiya in ta fara rowa yashe ta ake yi, in ba ta ji ba a ƙara mata zurfi. Yaya ya sauka da diga, ni ina sama ina jan ƙasa. Yashi ya ƙare, sai ga baƙin yumɓu mai danƙo yana riƙe bakin diga.

Na leƙa na ce, "Yaya, ƙasar nan ta yi gardama, fito ka huta."

Ya ce, "Kai dai ja igiya. Ruwan kirki yana ƙarƙashinta."

Wallahi na yarda, har murna nake. Can sai diga ta nutse gaba ɗaya, na ji ƙara kamar ana tuttule tulu. Ruwan da ya tsattsafo muna haƙa har ya kai gwiwarsa ya sauka ƙauri, ya sauka idon sawu. Ashe yumɓun nan shi ke tare ruwan kamar gindin tukunya. Ƙarƙashinsa busasshiyar tsakuwa ce, ta fi mu ƙishirwa.

Yaya ya durƙusa yana cusa yumɓu a ramin da hannu biyu. Ya tuɓe riga ya cusa, yana salati. Ni kuwa ina sama ina zagin kogi, ina zagin diga, ina kuka da girmana.

Da ya ga ruwan ba ya tsayawa, sai ya kwalfe abin da ya rage ya ce, "Ja, ka kai musu."

Rabin guga ne, rabinsa ma laka. Na ɗauka na tsaya a bakin kunyoyi, tumatir jere har ƙarshen lambu, na rasa wanda zan ba.