Ranar da Ciyaman Ya Shiga Motar Shara

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ba ni tuƙin motar shara ba. Tun da ku sababbin direbobi kun matsa sai kun ji abin da ya raba kamfaninmu da masu keke, gara ku ji daga bakina kafin wasu su zuba masa gishiri.

Aikinmu kun san shi, kai marasa lafiya asibiti da dawo da su. Amma lokacin zafi manaja kan ba masu tseren keke na dogon zango hayar mota da direba. A irin wannan tsere akwai mota guda da ke bin bayan kowa, da gadon majinyaci da ruwa da ƙanƙara a ciki. Ita ake kira motar shara. Ba a barin kowa a bayanta. Wanda ya gaza ya shigo, a cire lambar da ke rigarsa, direba ya sanar da shugaban tsere, shi ke nan nasa ya ƙare.

Ƙungiyar da ta ɗauke mu haya ranar ta mutanenmu ce, 'yan Najeriya da Nijar da Gana mazauna nan Amurka. Mil ɗari za su yi, daga unguwar Soundview zuwa tuddan arewa da birni, su dawo. Sun shirya abin ne don tunawa da kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu, musamman wasu sojoji biyu, Musulmi da Kirista, da aka ce ɗaya ya goyi ɗaya cikin daji har sansani. Don haka bibbiyu ake tafiya, kuma ba a ba da lambar yabo sai abokai sun iso tare.

Ciyaman ɗinsu Dokta Yohanna ne, masanin haɗa magunguna, dattijo a cocinmu. Kekensa ya fi motar hawana tsada, rigarsa kuwa ta matse shi har ta tona asirin duk tuwon da ya ci tun zuwansa Amurka. Abokin tafiyarsa Alhaji Mamman ne, mutumin Maraɗi mai shago a unguwar Mount Hope. Shi dai shekara guda ya yi yana atisaye bayan sallar asuba, har ya ce wa 'ya'yansa su rufe shago su je su tare shi a wurin ƙarewa.

Da safe Dokta ya yi jawabi a kan amana. Jawabin ma tseren dogon zango ne. Kafin ya kai ƙarshe, ƙanƙarata ta fara narkewa.

Bayan azahar, a gindin wani tudu mai tsawo, na hango mutum zaune a inuwa yana fifita da hular kwano. Ciyaman ne. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya cusa keken a mota, ya bi bayansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai in cire lamba, in sanar da shugaban tsere."

Ya ce, "Wane ne shugaban tsere?"

"Kai ne."

"To, ka sanar da ni, na ji. Malam Ishaya, kai ɗan'uwa ne cikin Ubangiji. Ka sauke ni kusa da gadar shiga birni, in ƙarasa a kan kekena. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saƙon da za mu isar."

Na tambaye shi ina Alhaji. Ya ce ya gaya masa ya ci gaba, zai kewaya ne ya cim masa; yanzu kuwa ai sa haɗu a gada. Na ce Alhaji ya san da zancen gadar? Ya ce in sa ido a kan titi.

Ba mu yi nisa ba sai ga keke yana tahowa, ya ba birni baya. Ciyaman na ganinsa ya miƙe a gadon majinyaci, ya ja farin zanen gado ya lulluɓa tun daga ƙafa har ka.

Alhaji Mamman ne. Leɓɓansa sun bushe, gumi ma ya daina fita, kuma ku da kuka yi kwas ɗin taimakon gaggawa kun san wannan ba alamar alheri ba ce. Ya dafa ƙofata yana haki.

"Malam Ishaya, ba ka ga Dokta ba? Na jira shi wurin shan ruwa har kowa ya tahi. Telefon nai ba ta shiga. Wallahi tsoro nike ko ya faɗi cikin rami."

Na ce, "Alhaji, in ka juya yanzu, kana iya isa kafin a rufe tsere."

"In isa in ce mi? In ce na baro shi?"

Ya ɗora ƙafa zai wuce ni. A baya kuwa ba komai sai tudu da rana, ga mutum ya haura shekara sittin. Ni ba a ɗauke ni aikin tona asiri ba, amma ba a ɗauke ni aikin kashe mai shago ba. Na ce doka ta hana kowa wuce motar shara, kuma dole in auna jininsa. Na zagaya na buɗe ƙofar baya.

Alhaji ya ga mutum miƙe, lulluɓe da farin zane, takalman keke sun leƙo. Ya saki kekensa ya faɗi a kwalta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni na kashe shi! Ya ce in tahi, ni kuma na tahi!"

Dattijo ya durƙusa yana kuka, yana tambayata wa zai gaya wa matar Dokta. Mamacin ya daure iya daurewa. Daga bisani ya yaye zanen ya ce, "Alhaji, sannu da ƙoƙari."

Alhaji ya kalle shi. Ya kalli kwalbar lemo mai sanyi da ke hannun gawar. Bai yi zagi ba, wanda da ya yi da ya fi wa Dokta sauƙi. Ya ɓalle lambar rigarsa ya miƙo mini, sannan ya sa hannu ya ɓalle ta Dokta.

Ya ce, "Bon, shi ke nan. Gusa in zauna."

Da muka zo gada, Dokta ya yi gyaran murya. Alhaji ya ce, "Direba, wuce."

Haka muka shiga wurin ƙarewa, mu ne na ƙarshe, masu ɗaukar hoto sun jeru. 'Ya'yan Alhaji suna riƙe da kwali mai sunansa, suka ga babansu ya sauko daga motar marasa lafiya. Ƙaramar ta tambaye shi da Turanci me ya faru, ya ce mata keke ne ya gaji.

Kafin in gama sauke kekuna, Dokta ya karɓi makirufo. Ya shaida wa jama'a cewa abokinsa ya galabaita da rana, shi kuwa ya ga bai kamata ya bar shi shi kaɗai a mota ba. Aka yi ta tafi. Alhaji na gefe yana shan ruwa. Da shekara ta zagayo, ƙungiya ta ɗauki wani kamfani, wai direbanmu ba shi da sirri.

Ga abin da na koya, ku riƙe. Duk wanda ya shigo motarku, ku yi masa abin da doka ta ce tun ƙofa ba ta rufu ba, ko da shi ya rubuta dokar. Kuma in an ƙare taro kuna neman wanda ya yi abin kirki, kada ku ɓata lokaci wajen makirufo. Ku kai masa ruwa can gefe.