Layi Huɗu a Ƙarƙashin Return

Ƙanwata Muhsinat ba ta yafiya da wuri, a gidanmu na Limanti kowa ya san haka. A shekarun da Maiduguri ta zauna babu wutar lantarki ta koyi rubuta manhaja, da wata tsohuwar kwamfuta da take kaiwa caji wurin mai sola.

Ta yi wata bakwai a ofishin Babakura a Moduganari, tana rubuta manhajar da za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranar rigakafin yaransu. Da aikin ya kammala, sai ya goge sunanta ya sa nasa, ya ce ta je gida ta huta. Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake yi.

Ta sha faɗa masa: "Oga, kwamfuta tana kaiwa kan kalmar return a rubutun manhaja sai ta miƙa amsa ta fita. Duk abin da ka rubuta a ƙasansa ba za ta ko kalla ba." Shi kuwa yana ta latsa waya.

Ranar baje kolin aikin a wani zaure a GRA, ni da Muhsinat muka zauna a baya. Babakura ya sha babbar riga, ya sanar cewa da ya danna maɓalli kowa zai ga saƙo a wayarsa. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Da ya buɗe rubutun a kan allo, Muhsinat ta taɓa ni. Ashe gogan ya yi wa aikin kwaskwarima da kansa, ya mayar da layi huɗun da ke tura saƙo ƙarƙashin return.

Ta bar shi ya yi gumi na minti goma cur. Wallahi na ji daɗi.

Can ya hango ta. "Muhsinat, don Allah ki zo."

"Ai kai ka rubuta, Oga. Ni me na sani?"

"Ki rufa mini asiri."

"Ga abin magana nan a hannunka. Faɗa musu wa ya rubuta."

Ya faɗa ciki-ciki. Ta ce mu na baya ba mu ji ba. Sai da ya maimaita sunanta har da na babanmu, sannan ta tashi. Ta ɗaga layukan huɗu sama da return, ta danna maɓallin, wayoyi suka ɗauki ƙara a ko'ina cikin zauren.

Ya miƙa mata abin maganar. Ta ce ya riƙe mata, tana da bayani mai tsawo.