Karan Dawar Kawuna da Gadar Kwarinmu

Shekarun baya, ina sabon gama sakandare, samarin ƙauyenmu da ke yankin Bukkuyum suka yanke shawarar yin 'yar gada a kan kwarin da ya raba mu da gonaki. Duk kaka sai an sauke kaya daga amalanke, a tsallaka da damman gero a ka. Wani ɗan garinmu da ke birni ya aiko da siminti da rodi, mu kuma muka ɗauki aikin gayya. Da yake ni ne ɗan boko, sai aka ce ni zan tsara. Ni ko na karɓa hannu bibbiyu, alhali ko kewaye ban taɓa ginawa ba.

Mun ta da bango biyu, kafinta ya shimfiɗa katako a tsakani. Da aka zo ɗaura rodi, na ce a ɗaga shi can sama, kusa da inda taya za ta taka. A ganina inda nauyi ke sauka, nan ya kamata ƙarfe ya tare shi. Kowa ya gyaɗa kai, har wani abokina na ce mini injiniya.

An fara kwaɓa kankare ke nan sai ga kawuna, yayan Inna, tsohon magini da ya ƙare rayuwarsa a rufin soro da azara. Ya leƙa aikin, ya yafito ni bayan wata tsamiya. Ya karyo ɗanyen karan dawa, ya ɗora a kan duwatsu biyu, ya danna tsakiya da ƙafa a hankali har ya yi ƙara.

“Ɗauka ka diba. Ina yat tsage?”

Na juya karan. “Ta ƙasa, Kawu.”

“To sama ɗin mi yay yi?”

“Ya takure.”

“Awo. In nauyi ya hau abu, sama matsewa shikai, ƙasa a ja shi. Siminti ɗan'uwan ƙasar gini na, shina jure danni, ba shi jure ja. Ƙarhe ka riƙe ja. Kai ko ka aje shi inda ba a bukata tai.” Sai ya ƙara da cewa, “Ranar ɗaukar gero, uwarka ta ka zama bisa amalanke.”

Wallahi na tsorata. Amma abin dariya, ko a cikin tsoron nan mamaki ya fi yawa. Na karyo wani kara na gwada, na sake karyo wani, duk ta ƙasa suke tsagewa. Kawu ya ce in bar wasa, kwaɓi na jira.

Na koma na ce a dakata, a kwance rodin a sauke shi ƙasa, a tokare da 'yan tsakuwa don kada ya kwanta a kan katako. Samari suka yi ta mita, abokina ya ce, “Injiniya, wane littahi ka buɗe bayan tsamiya?” Na sunkuya na fara kwance rodin. Kawu kuwa ya hau kekensa ya wuce kamar hanya ce ta biyo da shi.

Kusan wata guda muna yayyafa wa kankaren ruwa kafin a cire katako. Ranar da amalanken farko zai haye, na sauka cikin kwarin na tsaya ina kallon ƙasan gadar. Shanu suka taka, geron ya wuce, Inna na sama tana tambayar me nake nema a rami.

Har yau in babur ya kai ni bakin wata gada, sai na ji ina son in sauka in leƙa ƙarƙashinta. Kawu ya rasu bai taɓa ba kowa labarin ba. Mutanen ƙauye suna kiranta gadar ɗan boko, ni ko duk wanda ya faɗa a gabana sai na zaunar da shi, na nemo kara da duwatsu biyu.